Wace waya ce ta fi riƙe caji? Lissafin ANOVA da ke raba bambanci na gaskiya da dace

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko ya tsaya gaban wani shago a Computer Village da ke Ikeja, ya san tambayar da ta fi yawa a bakin masu saye: wacce ta fi riƙe caji? A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, har mutum yakan biya kuɗi a shagon caji, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Amsarta kuwa galibi daga YouTube ko TikTok ake ɗauko ta. Mai bidiyo zai jera wayoyi uku a kan tebur, ya kunna musu abu ɗaya, ya ajiye agogo a gefe. Ta farko ta mutu bayan awa 10, ta biyu bayan awa 11, ta uku ta kai awa 12. Shi ke nan an samu gwana, mai kallo ya tafi ya zuba kuɗin da ya yi watanni yana tarawa.

Akwai abin da bidiyon bai amsa ba. Da za a maimaita gwajin gobe da wasu wayoyi uku na waɗannan samfura, jerin zai sake fitowa haka? Wayoyi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya ma ba sa mutuwa a minti ɗaya. Zafin ɗaki, ƙarfin sabis, hasken fuskar waya da manhajojin da ke aiki a ɓoye duk suna taɓa batir. Saboda haka tazarar awa ɗaya ko biyu tana iya zama ingancin waya, tana kuma iya zama dace kawai. Masana ƙididdiga suna da hanyar raba waɗannan biyun idan rukunan da ake kwatantawa sun kai uku ko fiye. A Turance sunanta Analysis of Variance, a taƙaice ANOVA, wato nazarin warwatsuwar alƙaluma.

Daga gonar alkama aka faro

Wannan lissafi ya girmi wayar hannu da shekaru masu yawa. A 1843 wani attajiri mai suna John Bennet Lawes ya kafa cibiyar gwajin noma ta Rothamsted a garin Harpenden na Ingila. A wata gona mai suna Broadbalk aka riƙa shuka alkama duk shekara, ana raba ta fili-fili, kowane fili da irin takin da ake zuba masa, ana kuma rubuta yawan amfanin da aka girbe. Bayan shekaru sama da 70 takardu sun taru jingim, amma tambaya ɗaya ta ƙi warwaruwa: idan wani fili ya fi wani albarka, taki ne ya jawo, ko ruwan saman shekarar, ko ƙasar wurin?

A 1919 cibiyar ta ɗauki wani matashin masanin lissafi, Ronald Fisher, don ya tono abin da ke cikin waɗannan takardu. Dabarar da ya fito da ita ita ce a ɗauki dukkan bambancin da ake gani a cikin alƙaluma a rarraba shi kashi-kashi, a ga nawa ne ya fito daga abin da ake gwadawa, nawa ne kuma ya fito daga sauye-sauyen da ba a iya hanawa. Littafinsa na 1925, Statistical Methods for Research Workers, shi ya kai dabarar ga masu bincike a faɗin duniya. Daga baya wani masani a Amurka, George Snedecor, ya sa wa alƙalamin da ake samu a ƙarshen lissafin suna F don girmama Fisher. Abin da aka yi da injin lissafi na hannu a wancan zamani, yau waya mai araha tana yin sa cikin ƙiftawar ido.

Tambayoyi biyu, amsa ɗaya

Sunan yana ɗan rikita masu koyo. Matsakaici ake son kwatantawa, to me ya kawo maganar warwatsuwa? Dalili shi ne matsakaici shi kaɗai ba ya faɗin ko za a iya dogara da shi. ANOVA tambayoyi biyu take yi. Ta farko: yaya nisan matsakaicin kowane rukuni da na sauran? Ta biyu: a cikin rukuni ɗaya, yaya alƙaluman suke nesa da junansu? Sai ta raba amsar farko da ta biyu. Abin da ya fito shi ne F.

Idan rukunan duk ɗaya suke a zahiri, tazarar da ke tsakaninsu ba za ta wuce hayaniyar da ke cikin kowannensu ba, F kuma zai tsaya a kusa da 1. Idan tazarar ta ninka hayaniyar sau da yawa, F zai yi girma, sai ya yi wuya a ce dace ne.

Ga misali na kwatance. A ɗauka an samo samfuran waya uku, A da B da C, guda biyar-biyar na kowanne, aka cika su da caji, aka kunna musu bidiyo ɗaya da haske iri ɗaya har suka mutu. Awannin da suka yi su ne:

A: 9, 10, 11, 10, 10. Matsakaici 10.
B: 11, 12, 10, 11, 11. Matsakaici 11.
C: 12, 13, 11, 12, 12. Matsakaici 12.

Matsakaicin wayoyi 15 gaba ɗaya awa 11 ne. Don auna tazarar da ke tsakanin rukunai, ana duba nisan kowane matsakaici daga 11: A ta gaza da 1, B daidai take, C ta wuce da 1. Ana ninka kowane nisa da kansa don kada na ƙasa da na sama su cinye juna, a samu 1, 0 da 1. A haɗa su a ninka da 5, yawan wayoyin kowane rukuni, a samu 10. Ana raba wannan da yawan rukunai ban da ɗaya, wato 2. Amsa ita ce 5.

Sai hayaniyar cikin gida. A rukunin A, waya ɗaya ta gaza matsakaicin rukuninta da awa 1, ɗaya ta wuce da awa 1, sauran uku daidai suke. Idan aka ninka kowane nisa da kansa aka haɗa, 2 ke nan. B da C ma kowanne 2, jimilla 6. Ana raba wannan da yawan wayoyi ban da yawan rukunai, wato 15 a cire 3, saura 12. Amsa ita ce 0.5.

Waɗannan lambobi 2 da 12 su ake kira matakan 'yanci. Ma'anarsu ba ta da wuya: idan an san matsakaicin lambobi biyar, kuma an san huɗu daga cikinsu, ta biyar ba ta da zaɓi. Huɗu ne ke da 'yanci a kowane rukuni, huɗu sau uku kuma 12.

Yanzu F shi ne 5 a raba da 0.5, wato 10. Da matakan 'yanci 2 da 12, iyakar da aka saba amfani da ita ita ce 3.89, kuma 10 ya wuce ta nesa ba kusa ba. Ƙimar p ta wannan sakamako kusan 0.003 ce. Wato da a ce samfuran uku batirinsu ɗaya ne a zahiri, irin wannan tazara ko wadda ta fi ta za ta fito ne kusan sau 3 kacal a cikin gwaji 1,000. Akwai hujjar cewa bambancin na gaske ne.

Matsakaici iri ɗaya, hukunci daban

A sake ɗauka cewa sakamakon ya fito kamar haka:

A: 7, 13, 8, 12, 10. Matsakaici 10.
B: 14, 8, 13, 9, 11. Matsakaici 11.
C: 9, 15, 14, 10, 12. Matsakaici 12.

Matsakaitan ba su canza ba, har yanzu 10, 11, 12 ne. Mai bidiyo zai sake naɗa C. Amma a duba cikin rukunan da kyau: akwai wayar A da ta yi awa 13, akwai wayar C da ta mutu a awa 9. Tazarar da ke tsakanin rukunai tana nan a 5, hayaniyar cikin gida kuwa ta tashi daga 6 zuwa 78, idan aka raba da 12 ta zama 6.5. F ya faɗo zuwa 0.77, ƙimar p kuma kusan 0.48. Ko da batiran duk ɗaya ne, kusan rabin gwaje-gwaje irin wannan za su nuna tazara mai wannan girma. Babu hujjar ƙara ko naira ɗaya don a sayi C saboda batir.

Darasin ke nan gaba ɗaya. Duk sharhin da ya kawo matsakaici bai nuna yadda alƙaluman suka warwatsu ba, rabin labari ya bayar.

Sai dai a kula: rashin samun hujja ba ya nufin an tabbatar wayoyin ɗaya suke. Mai yiwuwa akwai bambanci, wayoyi biyar-biyar ne suka yi kaɗan su fito da shi daga cikin hayaniya.

Me ya sa ba za a gwada su bibbiyu ba?

Akwai gwajin da ya girmi ANOVA, mai suna gwajin t, wanda William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya wallafa a 1908 da sunan aro na Student. Aikinsa kwatanta rukuni biyu ne. Mai koyo zai iya cewa, to a gwada A da B, sannan A da C, sannan B da C mana.

Matsalar ita ce kowane gwaji yana ɗauke da kasadar kuskure. Idan aka sa iyaka a kashi 5 cikin 100, an yarda ke nan cewa sau ɗaya cikin 20 za a ga bambanci inda babu shi. Gwaji uku, a lissafi mai sauƙi, suna kai kasadar yin kuskure aƙalla sau ɗaya zuwa kusan kashi 14. Wayoyi biyar suna buƙatar gwaji 10, kasadar ta doshi kashi 40. Kamar mai jefa ƙwallo a raga ne: idan ya yi ta jefawa, dole wata ta shiga ko bai iya ba.

Kamfanonin fasaha suna fuskantar wannan kullum. A 2009 labari ya bazu cewa Google ya gwada launin shuɗi har kala 41 don gano wanda mutane suka fi latsawa. Kala 41 idan za a haɗa su bibbiyu, gwaji 820 ke nan. Ko da babu wani bambanci ko kaɗan, iyakar kashi 5 za ta sa wajen 41 daga cikinsu su fito kamar an gano wani abu. ANOVA tana kauce wa wannan tarko ta hanyar yin tambaya ɗaya a kan dukkan rukunan lokaci guda: shin akwai aƙalla ɗaya da ya fita daban?

Abin da F ba ya faɗa

F mai girma yana cewa rukunan ba duka ɗaya suke ba. Ba ya faɗin wanne ya fi wanne. Don sanin wannan ana bin sa da gwaji na biyu, kuma wanda aka fi sani shi ne na John Tukey, masanin Amurka da ya gabatar da shi a 1949. Gwajin Tukey yana fitar da mafi ƙarancin tazarar da za a yarda da ita bayan an yi la'akari da yawan rukunan.

A misalin farko, wannan tazara kusan awa 1.19 ce. Tsakanin A da C akwai awa 2, don haka C ta fi A. Amma tsakanin B da C awa 1 ce kawai, ba ta kai ba, haka ma tsakanin A da B. Wannan yana da amfani ga aljihu: idan C ta fi B tsada sosai, alƙaluman ba su nuna cewa ƙarin kuɗin zai sayo ƙarin caji ba, duk da cewa F ya kai 10.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da lissafi ya tabbatar da abin da ke da amfani a rayuwa. Idan aka gwada wayoyi dubbai, tazarar minti 4 ma za ta iya ba da ƙimar p ƙarama ƙwarai, amma minti 4 ba za su hana kowa zuwa shagon caji ba. Shi ya sa ake duba girman tasiri. A misalin farko, 10 daga cikin jimillar warwatsuwa 16 daga samfurin waya ta fito, wato kashi 62.5 cikin 100. A na biyu kuwa 10 ne daga cikin 88, kusan kashi 11. A 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana jan kunne cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancin sakamako, kuma bai kamata a yanke hukunci a kanta ita kaɗai ba.

Sharuɗɗan da ake yawan takewa

ANOVA tana da sharuɗɗa uku. Na farko, kowane awo ya zama mai zaman kansa. A nan ne yawancin masu sharhin waya suke tuntuɓe, domin galibi waya ɗaya suke da ita ta kowane samfuri. Gwada waya ɗaya sau biyar yana ba da labarin wannan wayar ne, ba labarin dukkan samfurin ba. Idan aka yi rashin sa'a batirinta ya zo da matsala daga masana'anta, duk awo biyar ɗin za su ɗauki matsalar.

Na biyu, alƙaluman kowane rukuni su taru a tsakiya su ragu a gefe biyu, ba tare da wata lamba ta yi tsalle ita kaɗai ba. Idan waya ɗaya ta mutu a awa 2 saboda wata manhaja ta maƙale, za ta ja matsakaicin rukuninta ƙasa. A irin wannan hali akwai gwajin Kruskal-Wallis na 1952, wanda ke amfani da matsayi a jeri maimakon ainihin lambobin.

Na uku, warwatsuwar rukunan ta yi kusa da juna. Idan wani rukuni a dunƙule yake wani kuma a baje, musamman idan yawansu bai zo ɗaya ba, an fi amfani da sigar da Bernard Welch ya fitar a 1951.

Sama da duka akwai tsarin gwajin kansa, abin da Fisher ya rubuta littafi guda a kansa a 1935. Idan aka gwada dukkan wayoyin A da tsakar rana a watan Afrilu, aka gwada na C da sanyin safiyar hunturu, ba za a san ko waya ake aunawa ko yanayi ba. Haka idan wasu suna kusa da taga inda sabis ke da ƙarfi, wasu suna ƙuryar ɗaki inda waya ke shan wahalar neman sabis tana zuƙe batir. Maganin shi ne a jefa ƙuri'a wajen zaɓen wacce za a gwada yaushe kuma a ina. Babu lissafin da zai gyara gwajin da aka tsara a karkace.

Wani lokaci abubuwa biyu ne ke aiki tare. Mai son kwatanta saurin intanet na layuka uku da manhajar Speedtest zai lura cewa lokaci ma yana da tasiri: layin da ke gudu da asuba yana iya rarrafe da ƙarfe tara na dare idan jama'a sun hau. ANOVA mai fuska biyu tana raba tasirin layi da tasirin lokaci, sannan ta duba ko fifikon wani layi yana canzawa gwargwadon lokacin. Ba tare da haka ba, wanda ya yi awonsa da safe da wanda ya yi da dare za su yi ta musu alhali kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Yadda ake yi a waya

Ba sai da kwamfuta ba. Manhajar Google Sheets ta waya ta isa. A zuba awon rukuni uku a layukan A, B da C, daga gida na 1 zuwa na 5. Umarnin =DEVSQ(A1:A5) zai ba da hayaniyar rukunin A, a yi haka ga B da C a haɗa. Umarnin =DEVSQ(A1:C5) zai ba da jimillar warwatsuwa, wadda a misalin farko 16 ce. A cire hayaniyar cikin gida daga jimilla, abin da ya rage shi ne tazarar tsakanin rukunai. A raba kowanne da matakan 'yancinsa, a raba na farko da na biyu, an samu F. Daga nan =F.DIST.RT(10,2,12) zai fito da ƙimar p.

Mai kwamfuta zai iya kunna Analysis ToolPak a cikin Excel ya zaɓi Anova: Single Factor. Ɗaliban da ke rubuta kundin kammala digiri, waɗanda galibi suke haɗuwa da ANOVA a babi na huɗu ta hanyar SPSS, suna da zaɓi na kyauta kamar jamovi da JASP da R, kuma duka suna yin gwajin Tukey. Manhaja za ta fitar da tebur ko da alƙaluman ba su cika sharuɗɗa ba, don haka ɗalibin da ya san abin da ke sama da abin da ke ƙasa a cikin F shi ne zai iya kare aikinsa a gaban malamai.

Mai sayen waya kuwa ba lallai ne ya yi lissafin da kansa ba. Ya isa ya riƙe tambayoyi huɗu duk lokacin da ya ga an jera na'urori an naɗa gwana, ko batir ne, ko caja, ko saurin data. Guda nawa aka gwada na kowane samfuri? Sau nawa aka maimaita, kuma an nuna dukkan sakamakon ko matsakaici kawai? A yanayi ɗaya aka gwada su? Tazarar da aka samu ta kai ta sa a ƙara kuɗi? Idan mai sharhi ya gwada waya ɗaya sau ɗaya, kuma tazarar 'yan mintuna ce, gara a duba farashi, garanti da sauƙin samun kayan gyara kafin a duba wadda ta zo ta ɗaya a bidiyo.